Hatsin da Ya Rasa Mai Shi

A bakin iyaka, bayan mun wuce Jibiya, jami'in da ya karɓi katin shaidata ya juya shi gaba da baya, ya dube ni, ya ce, "Ina za ka?" Na ce aiki aka tura ni, tsaron hatsi. Ya ce, "Hatsin wa?" Na ce na ƙasashenmu ne gaba ɗaya. Ya yi murmushi, ya miƙo mini katin, ya ce Allah ya tsare hanya.

Sunana Sanusi, mutumin Darini ne ni, a ƙasar Batsari. Na daɗe ina aikin sito, na san jera buhu, na san hatsin da ya sha raɓa tun daga warinsa. Shi ya sa da ƙasashen yankinmu suka haɗa kai suka gina manyan rumbuna na tarayya, sunana ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Abin da aka gaya mana mai daɗin ji ne. Kowace ƙasa ta zuba hatsi, a ajiye wuri ɗaya, duk inda yunwa ta faɗa a buɗe a kai musu, ba a tambayar tutar wa ke kansu. Kuma don kada wata ƙasa ta ce nata ne ita kaɗai, kowane rumbu ma'aikata uku za su riƙe shi, daga ƙasashe uku, kowa da kwaɗonsa a jikin ƙofa, kowa da makullinsa.

A Maraɗi na fara gane ni baƙo ne, ko da yake Hausar da nake yi ita suke yi. Wani ɗan kamasho ya karɓi jakata da fara'a, yana kirana ɗan'uwa, ya rantse motarsa har garin da zan je take kaiwa. Da la'asar direba ya tsaya a wata 'yar tasha bayan Dogon Dutsi, ya ce nan ne iyakarsa, shi ba wanda ya yi masa maganar wani gari. Kwana biyu na yi a wurin ina jiran mota. Wata mai fura da ke zama gindin bedi ta lura ba na cin komai sai ƙuli-ƙuli. Rana ta biyu ta dama mai kauri ta turo mini da ƙafar kujerarta, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Sha, ɗan Najeriya. Uwarka ba ta nan."

Daga nan Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane, Zabarmanci ya karɓa. Garin da aka kai ni ba zan faɗi sunansa ba, domin waɗanda suka rufa mini asiri suna can har yau. Rumbun yana bayan gari, a kan wani fako da ko ciyawa ba ta fitowa. Dogon gini ne na siminti da rufin kwano, ba taga sai ƙananan kafofin iska can sama, ga shingen waya ya kewaye shi. A ciki akwai masara daga ƙasashen bakin teku, an jera ta daga bakin ƙofa, sai dawa a tsakiya, sai gero can ƙurya.

Abokan aikina biyu ne. Hamadu ɗan ƙasar ne, Bazabarme, dogo, marar yawan magana, ya koyi Hausa a wurin fataken albasa. Sai Madam Afi, wadda ta zo daga wata ƙasa ta bakin teku, Hausarta irin ta zangon Hausawan can ce, tana kiran kowa "maigida". Makullinta a wuya take rataye shi, da wani zare mai jajayen duwatsu. Duk ƙarshen wata mu uku muke tsayawa a ƙofa, kowa ya buɗe kwaɗonsa, mu shiga mu duba buhuna, mu share, mu sa ƙwayar maganin ƙwari, mu rufe. Wata huɗu muka yi a haka. Na saba da tuwonsu, na koyi gaisuwarsu, har masu shago sun fara kirana da sunana.

Ranar da abin ya faru ina wanke riga a bayan ofis, na ji rediyon Hamadu ya daina magana ya koma kiɗan soja. Gwamnati ta sauya a babban birninsu. Kafin mako ya zagayo shugabannin yanki sun yi fushi da juna, an rufe iyakoki, wutar lantarkin da ke zuwa daga ƙasarmu ta ɗauke. Saƙo ɗaya ya shigo wayoyinmu daga babban ofishin shirin: kada a buɗe rumbu ko don dubawa, sai an ba da umarni a rubuce. Muka kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Daga baya ma ta daina ƙara.

Madam Afi ƙasarta ta aiko mota ta ɗauke ta. Hamadu ya tsaya a jikin motar ya ce, "Madam, ki bar mana makullin. In ba a sa magani ba kin san abin da zai faru."

Ta dafe ƙirjinta inda makullin yake, ta ce, "Maigida, an rubuta mini kada in ba kowa. In na bari, ɗaure ni za a yi. Wata ɗaya ne, za su shirya, in dawo."

Ni ba wanda ya aiko mini mota. Na je tasha sau biyu, aka ce masu zuwa gabas ba sa ɗaukar ɗan Najeriya, wahalar shingayen jami'an tsaro ta yi yawa. Na dawo na zauna. A kasuwa gaisuwa ta fara gajarta. Mai shagon da ke cajin waya da janareto ya ajiye tawa gefe guda, ya ce, "Ku kuka kashe mana wuta, kuma kai ne za ka zo neman ta." Hamadu ne ya riƙa karɓar wayar yana kaiwa a matsayin tasa. Matarsa kuma ta riƙa aiko mini kwano safe da yamma, ba ta taɓa fashi ba.

Idan na samu layi, Baba nake kira a Darini. Muryarsa na zuwa tana yankewa. Ya ce su ma bana ba su shiga gonar nesa ba, daji ba lafiya, iyakarsu 'yar gonar bayan gida. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce, "To, kai dai ka riƙe amana. Amma ka san hatsi ba ya jiran manya su gama faɗa." Bayan mun yi sallama nakan zauna a bakin ofis ina kallon gabas, ina lissafa mutanen da ke zama ƙofar masallacinmu bayan la'asar, ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa ke shimfiɗa buzunsa.

Daminar garin ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fure. Kayan da ke zuwa daga teku sun tsaya a bakin kogin da ke kan iyaka. Aka yi girbi kamar ba a yi ba, kafin sanyi ya wuce rumbunan gidaje sun fara nuna gindi.

Da zafi ya shigo na fara jin ƙarar. Tsakar rana ce, lokacin da gari ke yin tsit, ko kaza ba ta motsi. Ina zaune a inuwar ginin sai na ji kamar yayyafi na sauka a kan busasshen ganye. Na ɗaga kai, sama fes, ba gajimare ko ɗaya. Na zagaya ginin, ƙarar na bina, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Na ɗora tafin hannuna a bango, ta gefen da rana ba ta taɓawa, na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na kara kunne. Daga ciki take fitowa. Na san mene ne, aikina ne in sani: ƙwari ne ke cin hatsi, masu yawan da har taunarsu ta zama sauti, kuma numfashinsu ne ya ɗumama bangon. Amma sanin bai sauƙaƙa mini ba. Ji na yi kamar mun kulle wani abu mai rai a ciki, yana girma.

Na kira Hamadu ya saurara. Ya daɗe da kunnensa a bango, ya ɗago, ya goge kuncinsa. Kuliyoyin da ke kwana a gindin ginin duk suka bar wurin a makon nan.

Sai mata suka fara zuwa. Ta farko tsohuwa ce, ta zo da hantsi da ƙwarya a kife a kanta, ta tsaya a bayan waya. Na je na gaishe ta da ɗan Zabarmancina, ta amsa, ba ta roƙi komai ba. Ta tsaya har azahar ta tafi. Washegari su biyar ne. Kafin Juma'a sun kewaye gefen shingen da ke kallon gari. Ba sa hira, ba sa kiran sunan kowa, yaran da ke tare da su ma ba sa kuka. Suna tsaye ne kawai, fuskokinsu na kallon ƙofar mai kwaɗo uku. Idan iska ta kwanta, ƙarar nan takan kai har inda suke, sai ka ga sun ɗan karkata kai.

Na ce wa Hamadu, "Me suke jira? Ko su zage mu mana, ya fi mini sauƙi."

Ya ce, "Ba zagi suka zo yi ba. Sun ji an ce hatsin nan don ranar yunwa aka ajiye shi. To, sun zo ne a ga ranar ta yi."

Akwai wata matashiya da ke tsayawa daidai ƙofar shinge, da goyo a bayanta. Wata rana na lura tun safe goyon bai motsa ba, zane ya rufe shi har kai, ƙudaje na bin zanen, ita kuma ba ta kore su. Da azahar wasu maza biyu suka zo suka yi mata magana a hankali, ta juya ta bi su. Ban tambayi Hamadu ba, shi ma bai gaya mini ba. Washegari ta dawo ta tsaya a wurinta, bayanta ba komai.

Ranar na ce wa Hamadu mu fasa kwaɗon Madam. Ya ce ya yi wannan tunanin kafin ni. Amma in muka fasa, ni ɗan ƙasar da ake fushi da ita ne, za a ce na zo ɓarna. Shi kuma za a ce ya haɗa baki da baƙo. Ya je wurin mai gari, mai gari ya je wurin na sama da shi, aka ce hatsin ba na gwamnatinsu ba ne, ba su da bakin magana a kai. Waɗanda ke da bakin maganar kuma ba sa ɗaukar waya.

Ana haka wata farar mota mai baƙin gilashi ta shigo. Mutumin da ya fito yana sanye da shadda mai maiƙo, yana jin Hausa da Faransanci kamar ruwa, ya ce sunansa Alhaji, bai ƙara komai a kai ba. Ya ajiye takarda mai hatimi a teburinmu, wai an umarta a kwashe hatsin a kai wani wuri mai tsaro, manyan motocinsa na hanya. Hamadu ya karanta, ya miƙo mini. Tambarin shirin ne a sama, amma sunan da ya sa hannu ba mu taɓa jin sa ba, kuma ba a rubuta inda za a kai hatsin ba.

Na ce, "Alhaji, ko mun yarda, makulli biyu ne a nan. Na ukun ya bar ƙasar."

Ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan takardar. Makulli ne, da zare mai jajayen duwatsu. An yanke zaren, ba a kwance shi ba.

Hamadu ya ce, "Ina mai shi?"

Ya ce, "Tana gaishe ku." Ya mayar da makullin aljihu, ya ce jibi da hantsi zai dawo da motoci, kuma ba zai manta da mu ba.

Bayan ya tafi muka kira lambar Madam Afi, a kashe. Har yau da nake wannan rubutu a kashe take, ban san abin da ya same ta ba. Muka zauna, ƙarar nan na shigowa ta taga. Can Hamadu ya ce, "Malam Sanusi, wannan mutumin kasuwa zai kai shi, ka sani na sani. Amma shi ne ya zo da abin da muka rasa." Na gane nufinsa. Na ce masa in ƙofa ta buɗe, abin da ke gaba masara ce, ita ƙwari suka fi so, ita za a fara gani. Gero ƙwayarsa ƙanana ce, mai tauri, yana iya yiwuwa ya tsira. Da yamma Hamadu ya shiga gari wurin mai gari da liman.

Ranar da aka sa, Alhaji ya iso da manyan motoci uku. Ya tarar da abin da bai zata ba. Ba mata kaɗai ba, garin ne gaba ɗaya a bakin waya, maza da tsofaffi, mai gari a kan kujera a gaba, kuma ba mai cewa uffan. Alhaji ya tsaya yana kallonsu, ya dube mu. Hamadu ya ce, "Sun zo taya lodi ne." Na buɗe kwaɗona. Hamadu ya buɗe nasa. Alhaji ya yi jim, amma direbobinsa na kallo, ya sa na ukun ya murɗa.

Da muka ja ƙofar, wani zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda, da wari mai tsami. Sai ƙananan ƙwari masu fiffike suka fito, suka yi duhu a bakin ƙofa, suna shiga ido da hanci. Da suka lafa muka ga ciki. Buhunan gaba sun saki, sun zube kan juna, kuma fatarsu na motsi. Baƙaƙen ƙwari sun lulluɓe su, sun lulluɓe ƙasa da bango, suna gangarowa waje ta kan takalmanmu. Alhaji ya taɓa buhu ɗaya da tsinin takalminsa, ya fashe, gari mai launin toka ya zubo, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya toshe hanci da hularsa, ya ja da baya, ya waiga ya ga jama'a sun riga sun shigo cikin shinge, sun tsaya tsakaninsa da motocinsa, sun bar masa 'yar hanya ɗaya zuwa farar motarsa. Ya bi ta. Ko makullin bai cire ba.

Na ɗaure fuska da rawani na taka kan masarar na wuce ciki, ƙwari na hawa ƙafafuna. Dawa rabi ta tafi. Da na kai ƙurya na soka hannu a buhun gero, na damƙo, na fito da shi rana na buɗe tafina a gaban mai gari. Ƙwaya ce lafiyayya. Tsohon ya ɗauki 'yan ƙwayoyi ya tauna, ya gyaɗa kai. A nan ne na ji wata mata ta saki kuka, shi ne kuka na farko da na ji daga bakin shingen nan.

Kwana uku ana fitarwa ana sheƙewa a kan fako. Mai gari da liman suka raba unguwa-unguwa, har ƙauyukan kewaye. A rana ta uku Hamadu ya ja ni gefe ya ce an fara tambaya daga birni, wane ne baƙon da ya buɗe. Ya riga ya yi magana da wani direban albasa. Na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Ni a gida nake. Kai ka tafi."

A kan buhunan albasa na yi tafiyar, an rufa mini tampol idan mun kusa shingen jami'ai. Direban ya sauke ni kafin Maraɗi, ya haɗa ni da mai babur, mai babur ya kai ni inda hanya ta ƙare ya nuna mini wata tsamiya can nesa, ya ce in na wuce ta na shiga ƙasarmu. Na taka da ƙafa cikin gonaki, da katina a aljihu, ba wanda ya tambaye ni shi.

Daga Batsari na hau babur zuwa Darini, na isa da azahar. Unguwarmu shiru. Ƙofar gidanmu a buɗe, tabarmar Baba na jingine a zaure, turmi a kife a tsakar gida. Na yi sallama sau uku. Wani maƙwabcinmu da ya rage ya leƙo ta katanga, ya ce sun tashi tun watan jiya, da rashin tsaron daji ya matsa, suna Safana wurin dangin matata Hajara. A can na same su, mutum goma sha ɗaya a ɗaki biyu, ana auno tsaba daga kasuwa kullum. Baba ya rame. Na ba shi labari tun daga farko, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka ci abinci tukuna."

Na rubuta wa ofishin da ya tura ni bayanin duk abin da ya faru. Ba a amsa ba, ba a kuma neme ni ba.

Bayan kaka, ina tsaye a tashar Safana ina jiran motar Katsina, wata lamba ta waje ta shigo. Hamadu ne. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi yara da sunayensu. Ya ce an tsare shi mako uku, aka kai shi gaban alƙali. Alƙali ya nemi mai ƙara, ƙasarsu ta ce hatsin ba nata ba ne, sauran kuma ba wanda ya zo. Sai aka sallame shi.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Rumbun fa?"

Ya ce, "Shi na kira ka a kai. Bana Allah ya ba mu damina. Da aka yi girbi, matan nan suka share ginin, suka wanke shi da toka. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, wani kwano, wani dami. Ƙuryar nan ta gero ta kusa cika. Ba wanda ya sa su."

Mota ta cika, ɗan kamasho na kirana, na ɗaga masa hannu ya tafi.

Hamadu ya ce, "Kana jina? Mai gari ya ce in tambaye ka. Mun ji an ce mutanenku ba su yi noma ba, sun bar gidajensu. Direban albasar nan zai taso ranar Laraba. A ina zai same ka?"